Hannun Jarin Da Ya Karye: Yaya Ake Gane Mai Tashi Da Wanda Ya Tafi Ke Nan?

 

Ya 'yan'uwa, abin da ya sa muka zaɓi wannan maudu'i a zamanmu na yau shi ne wata tambaya da take ta zo mana daga Kura da Bunkure da Garun Malam, musamman daga bakin samarin da Allah Ya buɗa wa a noman rani ko a sana'ar gyaran shinkafa. Sukan ce: ga 'yan kuɗin girbi a hannu, ga kuma manhaja a waya wadda ake sayen hannun jari da ita, na Legas har da na Amurka, ga wani kamfanin fasaha da jarinsa ya faɗi warwas, abin da ake sayarwa naira ɗari bara yau ya koma ashirin, shin ba dama ba ce mutum ya kwasa ya ajiye, ya jira ranar da zai tashi? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin kuɗin da ake magana a kansu su ne na taki da iri na baɗi, su ne na makarantar yara, wani ma na auren 'yarsa ne.

To, mu a wannan yanki ba baƙi ba ne ga faɗuwar farashi. Duk wanda ya taɓa kai tumatir Kwanar Gafan a tsakiyar kakarsa ya san yadda kwando yakan wayi gari bai kai kuɗin kwandon da na mota ba, har a ga an zubar a bakin titi. Ya kuma san cewa watanni kaɗan bayan nan, idan damina ta kama, wannan kwandon sai mai hali. Saboda haka ne masu dabara suke yanka shi su shanya, su ɗure a buhu su jira. Amma babu mai hankalin da zai sayi ruɓaɓɓen tumatir don ya gan shi da araha ya ce zai jira damina. Mai shanya kauɗa yakan duba ya ga kayan lafiyayye ne, yawansa ne kawai ya karya shi. Wannan bambanci, tsakanin abin da kasuwa ta karya da abin da ya lalace daga cikinsa, shi ne maganarmu gaba ɗaya. Wahalar ita ce a kasuwar hannun jari ba a ganin ruɓa da ido, ba a kuma jin warinta. Lamba kawai ake gani tana sauka, kuma lambar mai lafiya da ta mushe iri ɗaya suke sauka.

Bari mu fara da wani ɗan lissafi da yake yaudarar mutane da yawa. Idan abin naira 100 ya koma naira 20, sai zuciya ta ce ai ya gama faɗuwa, saura nawa ya rage? Alhali idan ka saya a 20 ya koma 10, rabin kuɗinka ne ya tafi, daidai da wanda ya saya a 100 ya koma 50. Kuma kafin wancan na 20 ya koma 100 sai ya ninka kansa har sau biyar. Farashin da abu ya taɓa kaiwa a baya ba bashi ba ne da kasuwa za ta biya. Sau da yawa ma wancan tsohon farashin shi ne kuskuren, na yanzu ne gaskiyar.

Tarihi ya nuna mana wannan a fili. A ƙarshen shekarun 1990 mutanen Amurka suka yi ca a kan duk kamfanin da ya ce yana harkar intanet, ko da bai taɓa cin ribar sisin kwabo ba. Ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda galibin waɗannan kamfanoni suke, ya haura 5,000 a watan Maris na 2000. Zuwa Oktoba na 2002 ya dawo wajen 1,100, wato kusan kashi 78 cikin ɗari ya zube, kuma bai sake taka inda ya baro ba sai a 2015. Shekara goma sha biyar ke nan. A cikin waɗanda suka faɗi akwai Amazon, wanda jarinsa ya sauko daga sama da dala 100 zuwa kusan dala 6 a 2001. Wanda ya saya a lokacin ya riƙe, ya samu abin da bai taɓa zato ba, kuma da labarinsa ake ta zuga matasa har yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaruruwan kamfanonin da suka faɗi tare da shi ba su sake tashi ba, sunayensu ma an manta. Har Cisco, wanda kamfani ne na gaske mai cin riba, ya shafe fiye da shekara ashirin jarinsa bai koma farashinsa na 2000 ba. To mene ne ya bambanta Amazon? A daidai lokacin da jarinsa yake zubewa, cinikinsa ƙaruwa yake yi: daga kimanin dala biliyan 1.6 a 1999 zuwa sama da biliyan 3 a 2001. Masu hannun jari suna gudu, amma masu sayen kaya suna shigowa.

Nan ne muke so 'yan'uwa su tsaya, domin misalinsa yana ƙofar gidanmu. Idan aka yi maka tallar gona a cikin wannan shiri na noman rani, aka ce an karya mata kuɗi saboda an daɗe ba a noma ta ba, me kake fara tambaya? Ba ka tambayar nawa aka saye ta shekara goma da suka wuce. Cewa kake yi: ruwa yana isowa? Sai ka taka ka bi magudanar, ka ga ko yashi da ciyawa ne suka toshe ta, abin da kwanaki kaɗan na aikin gayya za su gyara, ko kuwa gonar tana can ƙarshen layi inda ruwa ba ya kaiwa sai na gaba sun ƙoshi, ko kuma ruwa ya kwanta mata har kanwa ta taso ta cinye ƙasar. Dukkansu gonaki ne da aka yasar, dukkansu da araha, amma ɗaya dukiya ce, ɗaya kuwa wahala ce za ka saya da kuɗinka.

Shi kansa wannan shiri na Kogin Kano ya taɓa shiga irin wannan hali. An gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974, ruwa yana gangarowa da kansa ta Ruwan Kanya zuwa gonaki ba tare da injin ba. Da shekaru suka ja, rashin kulawa ya sa magudanai suka cike, ƙofofin ruwa suka lalace, wasu sassa suka daina samun ruwa. Wanda ya gani a lokacin zai iya cewa shirin ya mutu. Amma asalin abin yana nan: madatsa tana riƙe da ruwa, ƙasa tana gangare, manoma suna nan da buƙatarsu. Shi ya sa da aka zo da shirin gyara na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka sami abin gyarawa. Ruwan kamfani kuwa shi ne cinikinsa, wato mutanen da suke ciro kuɗi daga aljihu suna biyan abin da yake sayarwa. In wannan yana gudana, faɗuwar farashi tana iya zama toshewar magudana. In ya ƙafe, to komai kyan ofis da girman suna, sai haƙuri.

Kamfanonin fasaha kuma suna da wata cuta ta musamman da gona ba ta da ita. Gona ba ta tsufa ta daina yayi, amma fasaha tana yi. Wane ne a cikinmu bai riƙe Nokia ba? A 2007 kusan kashi 40 cikin ɗari na wayoyin da ake sayarwa a duniya nata ne. Da wayoyin shafawa suka zo, jarinta ya yi ta sauka, mutane suna ta saye suna cewa ai Nokia ce, ba za ta faɗi ba, har ya koma ƙasa da yuro 2 a 2012, daga baya ta sayar wa Microsoft sashenta na wayoyi. A nan gida ma mun ga Starcomms, wanda aka sayar da jarinsa a naira 13 a 2008. Irin layin da yake amfani da shi ya sha kaye a hannun layukan GSM, jarin ya gangaro ƙasa da naira ɗaya, daga bisani kamfanin ya durƙushe. Duk wanda ya ƙara saye a naira 5 ko naira 2 don ya ga araha, ƙara zuba ruwa ya yi a tulun da ya fashe.

A ɗaya ɓangaren, ga MTN Najeriya. Ya shiga kasuwar Legas a watan Mayu na 2019 a kan naira 90, aka kuma sayar wa jama'a wani kaso a ƙarshen 2021 a kan naira 169. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, sai nauyin da ke kan kamfanin na dala ya kumbura. Ya yi asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024, aka daina rabon riba, jarin ya sauko ƙasa da naira 200. Amma wanda ya buɗe rahoton kamfanin zai ga cewa kuɗin shigarsa a 2024 ƙaruwa suka yi da fiye da kashi 30 cikin ɗari, masu layinsa kuma suna wajen miliyan 80. Ruwa yana gudana ke nan, wani abu ne daga waje ya tare shi. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na intanet har kashi 50 cikin ɗari, kamfanin ya koma cin riba, jarin ya haura naira 400 a cikin wannan shekarar. Ba muna kawo wannan don mu ce a je a saya ba ne, kuma kada a fita a ce mun faɗi haka. Bayan abu ya faru kowa malami ne. A lura ma da cewa tashin nan ya rataya ne a kan sa hannun hukuma, kuma mu nan mun san abin da wannan yake nufi. An hana shigo da alkama a 1987, manoman Kadawa suka duƙufa, aka ɗage hanin a 1992, kasuwar ta watse. An rufe iyakoki a 2019 shinkafa ta yi daraja, aka sassauta harajin shigo da abinci a 2024, shanshera ta karye a 2025. Duk kasuwancin da ribarsa take jiran alƙalamin gwamnati, a sa masa wannan a lissafi tun da wuri.

Akwai kuma waɗanda ba su mutu ba, ba su kuma warke ba. Jumia ta shiga kasuwar New York a watan Afrilu na 2019 a kan dala 14.50, ta sauko kusan dala 2 a Maris na 2020, ta haura dala 60 a Fabrairu na 2021, ta sake komawa ƙasa da dala 3 a 2023. Wanda ya saya a 2 ya sayar a 60 zai ɗauka gwaninta ce, alhali a duk tsawon waɗannan shekaru kamfanin asara yake yi. Irin wannan hawa da sauka ba daga gonar yake ba, daga zukatan masu saye yake. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ma darasi ce a kusa: an buɗe ta a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, sai ga tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki a shekarar, kuma tun daga nan ta sha buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin tumatir. Babban suna da sabon inji ba su isa hujja ba.

Yanzu sai mu zo ga ɗaya ruwan. Bahaushe ya kira abin da ke raya gona ruwa, ya kuma kira abin da ake ɗorawa a kan bashi ruwa, kuma mai sayen jarin da ya karye dole ya auna duka biyun. Kamfanin da ba shi da bashi yana iya jure shekarun fari. Wanda bashi ya yi wa katutu kuwa, masu binsa ne a gaba, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, kamar mai gonar ƙarshen magudana. Ko an ceto kamfanin ma, galibi da sababbin hannayen jari ake ceto shi, sai kason tsohon mai jari ya tsuke. Kamfani yana iya rayuwa kai kuwa kuɗinka ba su dawo ba.

Ga Musulmi, wannan batu ya wuce lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da halaccin hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, ta kuma ce asali shi ne nisantar kamfanin da yake taɓa mu'amala da kuɗin ruwa ko da ainihin sana'arsa halal ce. Wasu malaman zamani sun yi sassauci da sharuɗɗa, kuma a kan ra'ayinsu ne hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta gina ma'auninta: kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kada kuɗin shiga na haram su wuce kashi 5, kuma a fitar da wannan kason a bayar, ba a ci ba. A kasuwar Legas akwai jerin kamfanonin da aka tace, wanda aka fara a 2012 tare da kamfanin Lotus Capital. Wanda ya ɗauki ra'ayin farko ya huta. Wanda ya ɗauki na biyu kuwa, ga abin da muke so ya lura da shi, domin ba mu cika jin ana faɗarsa ba. A ce darajar kamfani a kasuwa naira miliyan 100 ce, bashin ruwan da ke kansa miliyan 20; yana cikin ma'auni. Idan jarin ya faɗi da rabi, darajar ta koma miliyan 50, bashin yana nan a 20, ya zama kashi 40 ke nan, ya fita daga ma'auni. Ashe faɗuwar da take jawo ka ita ce take iya fitar da shi daga abin da ya halatta gare ka. Saboda haka kada a dogara da tantancewar da aka yi lokacin da jarin yake sama. A sake aunawa a ranar saye.

Game da cin bashi don sayen jari kuwa, ba sai mun tsawaita ba. Majalisar da muka ambata ta hana saye da rance mai ruwa, ta hana sayar da jarin da mutum bai mallaka ba. Ƙasar nan ma ta ɗanɗana. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000, bankuna suna ta ba mutane rance su sayi jari. Cikin shekara guda ya dawo wajen 20,000. Jarin ya narke, bashin da ruwansa suka tsaya daram, har a watan Agusta na 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Kamfanoni da dama suka zauna a kan kwabo 50 shekara da shekaru, ko mai tayawa babu. Dattawan da ke nan, wasunsu takardun wancan lokaci suna cikin adaka har yanzu. Wanda ya sayi jari da kuɗinsa yana iya jira. Wanda ya saya da na wani, ranar da aka ce ya biya ita ce ranar da zai sayar, ko da a kan asara ne. Haka ma wanda ya sa kuɗin takinsa: lokacin shuka ba ya jiran kasuwar New York.

Sannan a rarrabe tsakanin hannun jari da abin da ya ari rigarsa. MMM ya tsaya da kuɗin mutane a Disamba na 2016, CBEX ya rufta a Afrilu na 2025, duka biyun da sunan fasaha suka zo. Bayan kowace ruftawa kuma sai a ji an ce a ƙara zuba wani abu domin a buɗe asusu a fitar da na baya. Wannan ba jari ba ne da ya karye, domin tun asali babu gona balle magudana. Duk wanda zai karɓi kuɗinka, a nemi sunansa a jerin masu rajista na hukumar SEC, a kuma tabbatar jarin da sunanka aka rubuta shi.

To wanda ya tsallake duk waɗannan, yana da rarar da zai iya mantawa da ita shekara biyar, me zai yi? Ya nemi rahoton shekara na kamfanin, na shekara uku a jere, kyauta ake samu. In Turancin ya yi masa nauyi, ya zauna da ɗan'uwa mai ilmin akanta, kamar yadda ake ɗaukar wanda ya san ƙasa a je duba gona. Ya ga ciniki hawa yake ko sauka, ya ga kuɗin da ke hannun kamfanin wata nawa za su kai shi in asarar ta ci gaba, ya ga bashin nawa ne, na naira ne ko na dala, yaushe ne biyansa. Sannan ya faɗi da bakinsa, a jimla ɗaya, abin da ya kayar da jarin da abin da zai tashe shi. In ya kasa faɗa, to abin da zai yi ya fi kusa da caca, ko da jarin kansa halal ne. In na ƙasar waje ne kuma, ya tuna cewa ribar da yake gani da naira tana iya zama faɗuwar naira ce kawai, ranar da ta farfaɗo sai ribar ta bi ruwa. Kada kuma ya zuba duka a wuri ɗaya ko a rana ɗaya. Mu da muke raba gona tsakanin shinkafa da albasa da masara mun san dalili.

Saura batun zakka, wanda wani ɗan'uwa ya tambaya kafin mu fara. Wanda ya sayi jari da niyyar sayarwa, hukuncinsa na kayan kasuwanci ne: idan ya kai nisabi, shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari bisa farashin ranar, ba bisa abin da aka saya ba, ko ya hau ko ya sauka. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malamai. A mazhabar Malikiyya kuwa an bambanta tsakanin ɗan kasuwar da yake juya kayansa kullum da wanda yake ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi. Na biyun yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne ranar da ya sayar. Mai sayen jarin da ya karye ya ajiye ya fi kama da wannan na biyun, don haka ya kai wa malaminsa bayanin halinsa dalla-dalla, da ranar da ya saya da niyyar da ya saya da ita, kafin ya ɗauki ɗaya daga ciki.

Masu tambayoyi sai su miƙo takardunsu gaba, za mu ɗauke su bayan salla in Allah Ya so.